DARBEJIYAR MAIDUGURI: ABIN DA MASANA SUKA TARAR A CIKIN ƊACINTA

Duk wanda ya taɓa sauka Maiduguri a watan Afrilu, lokacin da zafin rana yake haura awo 40, ba sai an gaya masa darajar darbejiya ba. Ita ce ta jeru dama da hagu a manyan titunan garin, ita ce a ƙofar gidaje da harabar makarantu da bakin masallatai. A ƙarƙashinta mai shayi yake kafa teburinsa, tela ya ajiye kekensa, masu ɗinkin hula su shimfiɗa tabarma. Sunayenta ma sun yi yawa. Wasu su ce darbejiya, wasu dogon yaro, a Katsina da Nijar a ce bedi, a ƙasashen gabas kuwa a ce maina, ko kuma nim kamar yadda Indiyawa suke kiranta.

Amma fa baƙuwa ce. Asalinta ƙasar Indiya da Bama. Ana danganta shigowarta Afirka ta Yamma da Gwamna Guggisberg, wanda ya riƙe Gwalkwas, watau Gana ta yanzu, daga 1919 zuwa 1927. Daga can aka kawo irinta Nijeriya a 1928, zamanin Shehu Sanda Kura, kuma a Lardin Barno ta fara kama ƙasa sosai. Daga dashen Barno ne ma'aikatan gandun daji suka ɗebi dubban 'yan itatuwa suka kai lardunan Sakkwato da Katsina da Kano a shekarun 1930. Abin da Turawan mulki suke nema a wurinta shi ne inuwa da itacen girki da tare iska. Ba su kawo ta don magani ba. Mutanen ƙasa ne suka ɗanɗana ganyenta, suka ji ɗaci irin na maɗaci, suka ce lalle wannan ba za ta rasa magani ba.

Kuma ba su yi kuskure wajen kwatanta ta da maɗaci ba, gama masana ilmin tsirrai sun tabbatar dangi ɗaya ne su biyun, ɗacinsu ma daga gida ɗaya ya fito.

Yau a Maiduguri da wuya a sami gidan da ba a taɓa dafa ganyen darbejiya ba. Idan zazzaɓi ya kama mutum, sai a haɗa shi da ganyen gwanda da na mangwaro da na gwaiba, a yanka lemun tsami, a tafasa, mara lafiya ya lulluɓa da bargo ya yi sirace, ya yi wanka da sauran ruwan, ya kuma kurɓi kofi guda. Ana asuwaki da reshenta, ana wanke ƙuraje da ruwan ganyenta, ana sa busasshen ganyen cikin akwatin tufafi don asu. To, abin tambaya shi ne, mene ne a cikin ɗacin nan, kuma wanne ne daga cikin ayyukan da ake ɗora masa yake iya yi da gaske? Masu ilmin sinadarai sun shafe fiye da shekara 80 suna bin wannan tambaya, amsar da suka samo kuwa tana da daɗi ta wani gefe, ta wani gefen kuma tana da ɗaci kamar ganyen kansa.

YADDA AKE TONO SINADARI

Ganye guda ɗaya tamkar kasuwa ne, akwai ɗaruruwan sinadarai a ciki, kowanne da aikinsa. Itace ba ya iya gudu idan fara ta sauka masa, ba ya iya kore tsutsa, saboda haka makaminsa shi ne abin da yake haɗawa a cikin jikinsa, mai ɗaci ko mai guba ko mai wari. Galibin magungunan da ɗan Adam ya samu daga tsirrai makaman nan ne ya ara.

Aikin masanin sinadarai shi ne ya raba wannan kasuwa, ya fid da kowa shi kaɗai. Yakan shanya ganye ko ɓawo ko ƙwallo, ya niƙa, ya jiƙa a cikin ruwaye iri iri, domin abin da ruwan sha ba ya narkarwa wani ruwan kamar na barasar asibiti yana narkarwa. Sa'an nan ya tsiyaya abin da ya tatso ta cikin dogon bututun gilashi da aka cika da wani farin gari mai kama da rairayi. Wani sinadarin yana saurin wucewa, wani yana maƙalewa ya yi jinkiri, da haka kowanne yake fitowa daban a ɗiga shi a kwalbarsa. Bayan wannan sai aiki mafi wuya, watau gano yadda ƙwayoyin zarra suka jeru a cikinsa, domin sifar ginin ita ce take sa sinadari ya zama magani ko guba ko kuwa abin banza.

Wanda ya fara yi wa darbejiya wannan aiki har ya kai ga gaci shi ne Salimuzzaman Siddiqui, masani ɗan Indiya wanda daga baya ya koma Pakistan. A 1942 ya fid da sinadarai masu ɗaci daga man ƙwallonta, ya sa musu suna nimbin da nimbinin da nimbidin. Daga lokacin zuwa yau an fid da fiye da ɗari daga sassan itacen daban daban.

Nijeriya ma tana da hannu a wannan tarihi, ko da yake ba kasafai ake faɗa ba. A 1960 wata ƙungiyar masana da ta haɗa da Akisanya da Bevan da Taylor na Kwalejin Jami'a ta Badun, suna binciken katakan kurmin kudu, suka fid da wani sinadari daga itacen da 'yan katako suke kira gedu nohor, suka raɗa masa suna gedunin. Daga baya aka tarar akwai shi a darbejiya. A 1967 kuma Donald Ekong, shi ma a Badun, ya fid da wani sabon sinadari daga ganyen darbejiya, ya bayyana sifarsa, ya kira shi nimbolaid. Ekong shi ne ya zama shugaban farko na Jami'ar Fatakwal. Sinadarin nasa har yanzu ana kansa. A 2019 masana a Jami'ar Kalifoniya da ke Amurka suka bayyana wurin da nimbolaid yake kamawa a cikin ƙwayoyin cutar kansar mama. Sai dai mai karatu ya lura, a ɗakin gwaji aka yi wannan, ba a jikin mata marasa lafiya ba, kuma duk mai tallar da ya ɗauki labarin ya ce darbejiya tana warkar da kansa ya wuce gona da iri.

FARAR DA TA ƘI CI

Sinadarin da ya fi kowanne suna, fara ce ta tona asirinsa. A 1959 wani Bajamushe masanin ƙwari mai suna Heinrich Schmutterer yana aiki a Sudan sai farin dango suka sauka. Suka cinye kowane ganye a wurin, suka bar itatuwa tsirara, amma darbejiya tana tsaye kore shar. Ya lura farar takan sauka a kanta, ta ɗan taɓa, ta tashi ba ta ci ba. Manoman Indiya sun daɗe da sanin haka, sai dai ba wanda ya san dalili.

A 1968 Butterworth da Morgan na Jami'ar Keele a Ingila suka ware abin da yake hana farar ci daga ƙwallon darbejiya, suka kira shi azadiraktin. Gano sifarsa ya ci shekara 17, sai a 1985 masana a Jamus da Ingila suka daidaita a kanta bayan an yi ta kuskure. Ba abin mamaki ba ne, domin ƙwayarsa guda tana ɗauke da zarrar kabon 35, da haidurojin 44, da oksijin 16, a sarƙe cikin zobba masu hawa kan juna. Da Furofesa Steven Ley na Jami'ar Kambirij ya ɗaura niyyar haɗa shi da hannu a ɗakin gwaji, sai da shi da almajiransa suka yi shekara 22, ta matakai fiye da 60, kafin su gama a 2007. Abin da suka samu bai taka kara ya karya ba, ba zai isa feshin ko da kunya ɗaya ta wake ba. Har gobe, duk kamfanin da yake son azadiraktin dole ya koma wurin itacen, watau irin ƙwallon nan da yara suke takawa a titunan Maiduguri, wanda jemagu suke tsotse zaƙinsa su watsar, masu shara su tara su cinna wa wuta.

Aikin azadiraktin a jikin ƙwaro iri biyu ne. Na farko, yana rikita masa ɗanɗano, ya ji ganyen ba abinci ba ne, ya ƙi ci ko da yunwa za ta kashe shi. Na biyu ya fi ban mamaki. Ƙwaro ba ya girma sai ya yi saɓa, ya tuɓe tsohuwar fata kamar maciji, kuma akwai wani ruwa a jikinsa da yake ba da umarnin yin haka. Azadiraktin yana toshe wannan umarni. Tsutsa sai ta maƙale a cikin tsohuwar rigarta, ko ta fito nakasasshiya ba fiffike, wadda ta tsira kuma ba ta yin ƙwai na kirki. An gwada shi a kan ire-iren ƙwari fiye da 200 ya yi tasiri. Mutum da akuya da kaza ba sa saɓa irin wannan, shi ya sa cutarwarsa gare su kaɗan ce idan an gwama da magungunan feshi na kanti. Ba ya kashe ƙwaro nan take, kuma hasken rana yana lalata shi cikin 'yan kwanaki, abin da yake sa wasu manoma su raina shi, su ce ba shi da ƙarfi. Amma wannan saurin lalacewa shi ne yake sa ba ya zama a cikin abinci.

Yawansa a cikin ƙwallo ɗan kaɗan ne, kamar giram 2 zuwa 4 a kilo guda na ɓararren ƙwallo, ganye kuwa bai kai haka ba ko kusa. Manomin da yake jiƙa ganye ya fesa ya bar inda ƙarfin yake. Hanyar da aka daɗe ana koya wa manoma ita ce a daka rabin kilo na ƙwallon, a jiƙa a lita 10 ta ruwa ya kwana, a tace da ƙyalle, a fesa da yamma bayan rana ta yi sanyi.

Tun da Turawa suka ga akwai kuɗi a ciki sai rigima ta tashi. A 1985 Amurka ta amince da maganin feshi na farko da aka yi da darbejiya, mai suna Margosan-O. A 1994 ofishin rajistar ƙirƙira na Turai ya ba kamfanin W. R. Grace da Ma'aikatar Gona ta Amurka takardar mallakar wata hanya ta kashe cutar funfunar amfanin gona da man darbejiya. Indiyawa suka ce ba su yarda ba, abin da kakanninsu suke yi ne ba wani sabon abu ba. Aka soke takardar a 2000, aka ɗaukaka ƙara, a 2005 aka tabbatar da sokewar.

WAKE DA MAN DARBEJIYA

Inda wannan ilmi ya fi shafar talakan Barno shi ne rumbun wake. Kowa ya san ƙwaron wake: yana yin ƙwai a bayan ƙwaya, tsutsar ta huda ta shiga, kafin wata biyu ko uku buhu ya zama gari da ramuka. Tsoron wannan asara yake sa manomi ya sayar da wakensa da arha tun da kaka, shi ne kuma yake sa wasu 'yan kasuwa su yayyafa wa buhuna maganin ƙwari mai ƙarfi wanda ba a yi shi don abinci ba. A watan Yuni na 2015 Tarayyar Turai ta hana shigar da busasshen wake daga Nijeriya saboda yawan maganin daikulobos da aka yi ta samu a cikinsa, aka kuma yi ta ƙara wa'adin hanin. Turawa sun iya mayar da buhu. Mai sayen mudu ɗaya a Kasuwar Litinin ko ta Gamboru ba shi da na'urar aunawa, hancinsa kawai gare shi.

A Jami'ar Maiduguri, wadda aka kafa a 1975, an yi aiki a kan wannan matsala. A 1999 Lale da Abdulrahman na jami'ar suka buga sakamakon gwajin da suka yi da man ƙwallon darbejiya, wanda aka matsa da hannu irin yadda mata suke matsar man gyaɗa da wanda aka matsa da inji, da kuma garin ƙwallon. Suka tarar ɗan mai kaɗan da aka cuɗa da wake yana rage yawan ƙwan da ƙwaron yake yi da yawan 'ya'yan da suke fitowa, kuma man ya fi garin aiki. Abin sha'awa, shi ma Lale ya zama shugaban Jami'ar Fatakwal a 2015, watau ya hau kujerar da Ekong ya fara zama a kai. Man yana aiki ta hanya biyu, yana lulluɓe ƙwan ya hana shi iska, ga kuma azadiraktin ɗin da ke ciki. Aibinsa shi ne ɗaci da wari, dole a wanke waken sosai kafin a ɗora a wuta, shi ya sa ya fi karɓuwa wajen ajiye iri. Don waken ci kuwa, buhun nan mai ninki uku na Jami'ar Purdue da aka fara yaɗawa a 2007, wanda yake shaƙe ƙwaron ba tare da magani ba, ya fi sauƙin sha'ani.

TO, ZAZZAƁI FA?

Nan ne magana take da nauyi. Nijeriya ita kaɗai tana ɗauke da kimanin kashi ɗaya cikin huɗu na masu kamuwa da zazzaɓin cizon sauro a duniya. A 2017, lokacin da rikici ya rushe asibitoci da yawa a jihar ya kuma tara 'yan gudun hijira a Maiduguri, Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa fiye da rabin mace-macen da aka rubuta a Barno wannan cuta ce sanadinsu. A irin wannan hali, tukunyar ganye ita ce asibitin farko na dubban gidaje.

Masu cewa ai manyan magungunan zazzaɓi daga itace suka fito, gaskiya suka faɗa. Kwinin daga ɓawon wani itace na Amurka ta Kudu aka fid da shi, Faransawa biyu, Pelletier da Caventou, suka ware shi a 1820. Atimisinin, wanda shi ne ginshiƙin maganin da Nijeriya ta koma gare shi a 2005 bayan kulorokwin ya daina ci, daga wani tsiro dangin tazargade ya fito. Wata masaniya 'yar ƙasar Sin, Tu Youyou, da abokan aikinta suka ware shi a 1972, ta sami lambar Nobel a 2015. A labarinta akwai abin lura ga masu tafasa ganye. Tatson farko da suka yi da zafi bai ba da sakamako mai ɗorewa ba, sai da ta duba wani tsohon littafin magani na ƙasarsu ta ga an ce a jiƙa tsiron a ruwa a matse, ta gane zafi yana ɓata shi, ta sake hanya. Watau samun sinadari a cikin ganye daban, isarsa cikin jinin mara lafiya da yawan da zai kashe cuta kuma daban.

Darbejiya ta ci jarrabawar farko, ba ta ci ta biyu ba. A 1985 masana a ƙasar Tailan suka nuna nimbolaid yana hana ƙwayar cutar zazzaɓi girma a cikin kwalba. A 1989 Sami Khalid ɗan Sudan da abokan aikinsa suka nuna gedunin ma yana yin haka. Amma da aka koma jikin ɓeraye masu ɗauke da cutar sai ƙarfin ya ragu ƙwarai. Sinadaran ba sa narkewa sosai a ruwa, saboda haka kaɗan ne yake fita a tukunya, kaɗan daga kaɗan ɗin ne kuma yake kaiwa jini. Yawansu ma yana bambanta daga itace zuwa itace, daga rani zuwa damina, ta yadda kofin yau ba ɗaya yake da na gobe ba.

To, me ya sa mutane suke rantsuwa sun sha sun warke? Ba ƙarya suke yi ba. Tun a 1981 wasu masana biyu 'yan Nijeriya, Okpanyi da Ezeukwu, suka nuna a jikin dabbobi cewa tatson darbejiya yana saukar da zafin jiki yana rage kumburi. Bayan haka, ba kowane zazzaɓi ne na sauro ba, wani mura ce da za ta tafi da kanta. Kuma babban mutum da ya tashi a ƙasar sauro jikinsa ya saba faɗa da cutar, sau da yawa yakan murmure ko da me ya sha. Yaro ɗan ƙasa da shekara biyar da mace mai ciki ba su da wannan gata. Idan ganye ya kwantar da zafin jikin yaro alhali ƙwayar cutar tana nan tana ninkuwa a jininsa, abin da aka yi kawai shi ne an kashe ƙararrawa an bar ɓarawo a ɗaki, kwana biyu ko uku sai a ga farfaɗiya ko ƙarancin jini, a nufi Asibitin Koyarwa da gudu lokacin da abu ya riga ya yi nisa. Gwajin jini na ɗan tsinke ba ya wuce minti 20.

Akwai kuma abin da ya fi wannan haɗari, shi ne ba jariri man darbejiya ya sha. A 1981 likitoci biyu a Malesiya, Sinniah da Baskaran, suka ba da rahoton yara 13 da aka ɗura wa man a gida don ƙananan cututtuka. Cikin 'yan sa'o'i suka kama amai, da magagi, da numfashi sama sama, da farfaɗiya, alamun taɓuwar ƙwaƙwalwa da hanta. An sami irin wannan a Indiya, wasu yaran ba su tashi ba. Abin da aka ba su bai wuce cokali ɗaya ko 'yan cokula ba. Man da yake da amfani a fata da sabulu da buhun iri, ba na cikin yaro ba ne. Mace mai ciki da mai neman haihuwa su ma su yi nesa da shansa, gama gwaji a jikin dabbobi ya nuna yana hana ɗaukar ciki yana kuma zubar da shi.

Ƙwallon ma yana da nasa sharaɗi. Idan an tsince shi a ƙasa mai danshi aka tara a buhun leda bai bushe ba, funfuna takan kama shi, irin wadda take kama gyaɗa ta haifar da gubar afalatoksin mai lalata hanta, kuma gubar tana bin man da aka matsa. Masu sayensa don kamfanoni sukan so a wanke ɓargon zaƙin tun yana ɗanye, a shanya ƙwallon a inuwa mai iska maimakon tsakiyar rana, a zuba a buhun algarara ko kwando. Babban itace guda da ya haura shekara 10 yana iya zubar da 'ya'ya har kilo 50 a shekara mai kyau, itatuwan Maiduguri kuwa dubbai ne, ko da yake gatarin masu neman itacen girki ya rage su ƙwarai a bayan gari tun da rikicin 2009 ya cika birnin da jama'a.